Haƙorin Jak

Na sauka Jimeta shekarar da aka yanka jihohi, aka ce mu yanzu 'yan Arewa maso Gabas ne. Ni dai ban ga abin da ya canza a jikina ba: jaka ɗaya, riga biyu, da sunan wanda ba ya riƙe aiki. Na gwada ɗinki a garinmu na bari, na buɗe tireda ta watse. Yayata, wadda ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ce ta roƙi mijinta ya ɗauke ni a garejinsa. Ranar da na iso ta ajiye mini tuwo, ta tsaya a kaina ta ce, "Na zubar da girmana a gaban mutumin nan saboda kai. Ka kunyata ni a nan, ka manta kana da 'yar'uwa." Na san halinta, ba ta magana don jin daɗin baki. Ita kaɗai kuma ta rage mini a duniya.

Mijin nata Bafulatanin Yola Gari ne, kowa na ce masa Hamma, wato yaya da Fulatanci, ni ma na bi sahu. Garejin ba wani gareji ba ne, inuwar darbejiya ce kusa da inda manyan motoci ke layin jirgin fito, don a lokacin ba a yi gada a kan Binuwai ba. Hausar Hamma irin ta Yola ce: "mota ya zo", "matana ya ce", kome ya taɓa sai ya liƙa masa "shi". Ni da na sha Hausa a nono, ina dariyarsa a ciki, alhali ko sunan sifana ban sani ba.

Duk kayan aikinsa babu abin da yake ji da shi kamar jak ɗinsa. Dogon ƙarfe ne mai haƙora a jere, da hannu da ake dannawa. Kowace dannawa sai ka ji ƙaras, mota ta hau haƙori ɗaya, wani ɗan harshen ƙarfe ya faɗa tsakanin haƙoran ya riƙe nauyin. A gefe akwai ƙaramin maɓalli. In ka buge shi harshen ya janye, duk abin da ke kai ya dawo ƙasa gaba ɗaya. Aikina ke nan wata bakwai: in ɗauko jak, in danna, in tura kututture ƙarƙashin mota, in an gama in saki. Kafaɗata ta dama har yau tana tuna mini.

Ranar da abin ya faru rana ta take, zafin Jimeta na bazara wanda ko ƙarfe ba ya taɓuwa. Wata mota mai bodin katako, maƙare da buhunan gyaɗa, sifirin ɗinta, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin bodi, ya karye tana kan layi. Direban ya tsaya mana a wuya, jirgi zai tashi ya bar shi. Motoci uku muka yi tun safe, ko koko ban gama sha ba. Na ɗaga motar, na juya zan mirgino kututture, Hamma ya ce in bari, aikin minti biyu ne. Ya kwanta ya shige, da noti a bakinsa.

Can na ji muryarsa daga ƙarƙashi. "Sake shi!"

Na buge maɓallin.

Abin da Hamma yake nufi shi ne in sake dannawa, in ƙara haƙori ɗaya don ya zaro hannunsa daga tsakanin ƙarafa. Ni kuwa Hausar garinmu na ji: sake shi, wato in saki. Ban tsaya na tambayi kaina ba yaya za a saki mota mutum na ƙarƙashinta. Gajiya ce, da kuma taƙamar cewa ni ne mai jin Hausa.

Ban tuna yadda na sake ɗaga ta ba. Na dai tuna direbobi sun jawo shi ta ƙafa, da yadda bai yi ihu ba, sai salati. A asibiti suka cire yatsu uku na hannun dama, suka bar masa babba da ƙarami.

Yayata ta iso ko mayafi ba ta yafa daidai ba. Ta dubi hannun, ta dube ni. Na buɗe baki, Hamma ya riga ni. "Jak ne," ya ce. "Haƙori ɗaya ya cinye, ya zame. Ƙanenki ne ma ya ɗaga mota, da yanzu ba ni." Ta zauna a ƙasa tana kuka, ta kamo ƙafata tana sa mini albarka. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar a wannan lokacin ba.

Da aka sallame shi ta ce sai an kawo mata ƙarfen nan gida, ta ga abin da ya cinye hannun mijinta da idonta. Ita ba a rufe ta da labari. Washegari da hantsi Hamma ya ce in raka shi gareji. Ya zauna kan kututture da hannunsa rataye a wuya, ya sa ƙafa ya turo mini jak ɗin, sannan ya miƙo magagari da hagu.

"Haƙori na tsakiya," ya ce. "Goge shi sosai, ya zama kamar ya daɗe."

Na ce, "Hamma, lafiyarsa ƙalau. Bari in je in faɗa mata gaskiya."

"Ka faɗa, sai yatsa ya tsiro? Ni na ce ka bar kututture. Kuma Hausa na ne ya karkace." Ya ɗan yi murmushi. "In yayarka ya sani, zai kore ka, kuma shi ne zai fi ka shan wahala. Goge."

Na goge. Ƙarfen mai kyau ne, ya ƙi ci, sai da na kai azahar gumi na zuba a idona. Yana zaune yana kallon yadda nake lalata abin da ya fi so cikin kayansa, in na tsaya ya ce saura. Muka shafa masa baƙin mai da ƙasa, na saɓa shi a kafaɗa har gida. Yayata ta sa yatsa ta shafa gurbin haƙorin, ta tofa masa yawu, ta ce a jefa shi bayan ɗaki.

Daga nan ni na koma shiga ƙarƙashin mota, Hamma na tsugune yana faɗa mini abin da zan kwance. Muka samo wani jak na hannu, ƙarami, mai wahalar dannawa. Shekara ashirin da wani abu muka yi a haka, na iya aikin, har aka fara ce mini makanike. Ba mu taɓa tayar da zancen ba, ko da mu biyu ne. Sau da yawa na shirya faɗa mata, sai in tarar tana zuba mini miya ta fi ta kowa nama, in haɗiye.

Hamma ya riga ta barin duniya. Ita kuma ta tsufa a hannuna, kuma duk ranar da ta tuna shi sai ta nuna bayan ɗaki da haɓa ta ce, "Allah ya isa tsakanina da abin da ya nakasa mini miji." Sai ta juyo tana jira, ni kuma in ce amin.