Dattijo da Baƙin Sama

A ƙofar shagon bidiyon Na'ibi da ke unguwar Bani Malik a Jidda, wani dattijo na tsaye, siminti har a gemu, ledar burodi a hannu. Talabijin na nuna wani tsohon rahoto: abu kamar faifai yana ratsa sama, sojoji na yi wa mutane tambayoyi, an lulluɓe fuskar wani mai ba da shaida.

"Malam, wannan ma ba iƙama?" in ji dattijon, yana nufin takardar izinin zama.

"A'a, Kawu. Baƙin sama sojojin ke nema. Ba a san daga ina suke ba."

Dattijon ya waiga titi. Na'ibi na tunanin hajjin wace shekara ta kawo shi.

"To, Allah Ya rufa musu asiri," in ji dattijon, ya shige lungu.