Rawutar da Na Ƙara

Shekarata biyu ina kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta a Gashuwa, amma gaskiya ilimina bai wuce kunnawa da kashewa ba. Ranar jarrabawar gwaji, don neman suna, na ɗauko rawutar gidana, ɗan akwatin nan mai ƙahoni da ke raba intanet, na jona ta kusa da ta makaranta. A hankalina, biyu sun fi ɗaya ƙarfi.

Ɗalibai na zama, rabin kwamfutocin suka ƙi buɗe shafin jarrabawa. Shugaban makaranta ya leƙo, ya ce in azahar ta yi ba a fara ba, in ajiye masa makullin ɗakin. Dole na kira ƙanwata da ke aikin haɗa intanet a Nguru, wadda kullum nake tsokana da "injiniyar igiya". Ba ta ja zance ba, ta hau mota.

Da ta iso ta duba kwamfuta uku kawai, ta sunkuya ƙarƙashin tebur, ta ɗago tana danne dariya.

"Yaya, wannan rawutar ta waye?"

Na ce tawa ce.

"Kowace kwamfuta in ta tashi sai ta nemi lamba, adireshinta ke nan," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Rawuta ce ke ba ta aro, ta karɓe in ta tafi, ba sai kowa ya sa hannu ba. Kai kuma ka kawo mai rabo na biyu. Kamar ka sa mutum biyu raba wa baƙi masauki ne, ɗayan ma ba ɗan gidan ba. Duk wadda ta karɓi lambar taka, babu inda za ta je."

Ta zare wayar rawutar tawa, ta sa aka kashe kwamfutocin aka kunna. Ina kallo suna hawa ɗaya bayan ɗaya, kowace da lambarta, babu rigima. Abin ya burge ni matuƙa, ita kuma ta fi burge ni.

Sai ga shugaban ya shigo yana tambayar abin da ya faru. Na tsaya ina jiran tonon asiri.

"Ranka ya daɗe, rabon lamba ne ya sarƙe, an gyara," ta ce. Ban ma ga lokacin da ta jefa rawutar a jakarta ba.

Sai a tasha, motar Nguru na shirin tashi, ta miƙo min ita ta taga, a ƙunshe cikin baƙar leda.

"Yaya, ga saƙonka. Riƙe makullinka da kyau."

Na karɓa a kunyace, motar ta tashi.