Ledar Sai-ya-bushe

Mijin yayata mai gyaran gini ne, amma ba kowane gini ba. Shi nasa sai wanda ruwa ya ci: gidan da ambaliya ta shiga, shagon da bututu ya fashe a cikinsa, ɗakin da rufinsa ya shekara yana yoyo. Sunansa na yanka ya ɓace tun tuni, kowa Sai-ya-bushe yake ce masa, don ba shi da amsar da ta wuce wannan. Yaushe za a yi filasta? Sai ya bushe. Fenti fa? Sai ya bushe. Ni aikin wutar lantarki nake yi, shekara ashirin da ɗoriya muna shiga gidaje tare, kuma har yau ban ga mutum mai cin rai kamarsa ba.

Da ya shiga gida, sai ya nemi inda ruwa ya bar shaida a bango, ya ƙara kamu ɗaya a sama, ya ja layi da alli. Duk filastar da ke ƙasan layin nan sai ta sauka. Ya buɗe tagogi, ya sa ni in jona masa fankoki, ya jera kwandunan gawayi a kusurwa don su sha danshi. Sannan a zo kan leda. Yakan yanko farar leda kamar faɗin tafin hannu biyu, ya manna ta a bango, ya liƙe gefunanta ruf da salatif, ya tafi abinsa. Washegari in ta yi gumi ta ciki, to bangon yana nan da ruwansa, ko da a ido ya bushe ƙayau. Yakan ce bango maƙaryaci ne, leda ce ba ta iya ƙarya ba.

Masu gidaje da yawa sun sallame shi saboda ledar nan, kuma ban ga laifinsu ba. Mutum yana raɓe a falon ƙaninsa da 'ya'ya biyar, kai kuma kullum da safe ka zo ka leƙa leda, ka girgiza kai, ka juya. Wa zai jure?

Ba da wannan halin aka haife shi ba. Da yana matashi, kafin ka ce kwabo ya gama ɗaki. Shekarar da yayata ta haifi ɗansu na fari, ruwa ya shiga ɗakin da suke haya. Ya kwashe ruwan, ya shafe bangon da fenti mai kyau, ya mayar da su ciki. Kafin wata biyu baƙar funfuna ta fito a bayan gado, yaron ya kama tari, ƙirjinsa yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Bai kai wata biyar ba ya koma. Likita bai ce bangon ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Yayata ba ta taɓa tayar da maganar ba, shi ma haka, mu ma muka ja bakinmu muka yi shiru. Daga wannan shekarar ledar ta shigo aikinsa.

Bara autarsu ta haihu, bakwaini, 'yar mitsitsiyar yarinya da aka sa a kwalba a asibiti. Suna can, tankin maƙwabcinsu na saman bene ya fashe. Mijinta direban babbar mota ne, yana kan hanya, don haka ruwa ya kwana biyu yana bin silin da bangon ɗakinsu ba wanda ya sani. Asibiti kuma suka ce nan da kwana goma sha biyu za a sallame su, kuma ɗakin nan kaɗai gare su.

Sai-ya-bushe ya sauke silin, ya sauke filasta, ya manna ledarsa. A kwana na bakwai tana nan tana gumi. Direba ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a taimaka a rufe bangon nan. Lokaci ya ƙure."

"Sai ya bushe."

"Ai ya bushe, Baba. Taɓa ka ji."

"Hannunka ba huhun jaririya ba ne."

Direba ba mugun yaro ba ne, zumuɗin 'yar fari ke ɗibarsa. Ya riga ya sayi ɗan gado da labule. Muna can wani aikin na kwana uku, ya ɗauko wani magini, aka yi filasta, aka bi ta da fenti ruwan hoda. Gaskiya ɗakin ya yi kyau. Da muka dawo muka gani, na ja mijin yayata gefe na ce, "Don Allah a bar kaza cikin gashinta. Aikin gama ya gama."

Ya zaro leda daga aljihu, ya manna a kan sabon fentin. Da safe ya kira Direba, ya ɓare ta, ya ɗora masa a tafin hannu. Jiƙe take sharkaf. Sai ya ɗauki guduma.

Direba ya tare gabansa. "Baba, gidana ne fa!"

"Gidanka ne," in ji shi. "Jikata ce."

Kafin azahar ruwan hodan nan duk yana ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa ya cika taurin kai, suruki ba abin wulaƙantawa ba ne. Ya ce, "Kai dai kwance mana soket ɗin can, mai dogon baki."

Daga asibiti gidan yayata aka wuce da auta da jaririyarta. Direba ya koma gaishe da Sai-ya-bushe daga nesa, gaisuwar da gara babu. Shi kuwa ko a jikinsa. Kullum da safe ya je ya duba leda, ya sauya gawayi, ya dawo.

A kwana na ashirin da shida, yayata ta yafa mayafi ta ce za ta bi mu. Tun da suka yi aure ba ta taɓa taka wurin aikinsa ba. Ta shiga ɗakin, ta nufi bangon kai tsaye, ta ɓare ledar da kanta. Ta shafa ta a bayan hannu, ta sake shafawa a kumatu. Babu ko ɗigon danshi. Ta daɗe tsaye tana kallon bulon da ke tsirara a gabanta.

"Malam," ta ce, "bangon namu na wancan ɗakin haya, kwana uku ka ba shi, ko?"

Yana durƙushe yana kwance bakin buhun siminti. Bai ɗago ba.

"Biyu," ya ce.

Ta ninke ledar gida huɗu, ta ƙulle ta a bakin mayafinta. "To, a rufe bangon. Yarinya ta dawo ɗakinta."

Tausayinsu ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, sai na fita ɗebo masa ruwan kwaɓi. Da na dawo yana nan durƙushe, igiyar buhun a hannunsa, bai kwance ta ba.