Manniru, Mai Tambayar Launin Wutsiyar Jirgi

Shekara ashirin da takwas Malam Manniru Yelwa yana barin Karu da hantsi zuwa filin jirgin saman Abuja, ya zauna gaban na'urar da ke nuna jirage masu saukowa. Aikinsa ya raba su, kada wani ya kusanci wani. Ko wanda zai miƙa masa aiki ya rantse cewa jirage shida ne a sama, sai ya ƙirga da yatsansa. Mutum ne mai zargi, wallahi har ya kan ba abokan aiki haushi.

Justina, abokiyar aikinsa wadda take gefensa wata ranar damina ta 2007, ita ta ba ni labari. Jirgin fasinja daga Fatakwal yana gangarowa da mutum ɗari da goma sha biyu, wani ƙaramin jirgin haya ɗauke da wani oga yana bayansa, yana gaggawa. Matuƙin ƙaramin ya ce ya hango na gabansa, a bar shi ya bi shi da ido. Doka ta yarda da haka. Amma hadari ya taso ta wajen Kwali, kuma hankalin Manniru bai kwanta ba. Ta ina ya gan shi?

"Wane launi ne wutsiyarsa?" in ji Manniru.

"Ja," in ji matuƙin.

Na Fatakwal kore ne. Mai jar wutsiyar wani jirgi ne daban, can nesa, ya kusa taɓa ƙasa. Na Fatakwal ɗin yana ƙarƙashin cikin ƙaramin, cikin gajimare, shi kuma yana saukowa a kansa. Manniru bai ɗaga murya ba, ya ce wa matuƙin ya daina sauka, ya juya dama yanzun nan.

Justina ta ce, "Yaya Manniru, saura ƙiris." Ya ce, "Sha ruwa, akwai jirage uku a baya."

Ogan ya makara taro, ya kai ƙara cewa da gangan aka wulaƙanta shi. Aka dakatar da Manniru mako biyu, har ana raɗe-raɗin wani ne ya sa shi. Da aka saurari faifan maganarsa da matuƙin aka ce ya dawo aiki, shi ke nan, ko sannu babu. Wannan abu har yau yana ƙona mini rai.

Malam Manniru, kai ne ka ƙi yarda ranar da yarda ta fi sauƙi. Yanzu da za ka ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu hawa kujerarsa, in an ce muku an gani, ku tambaya me aka gani. Fasinjojin nan sun sauka suna mitar jakunkunansu sun daɗe ba su fito ba, kowa ya tafi gidansa.