Fadamar da Ba a Shukawa

A gidanmu na Ƙofar Dundaye, idan an idar da lisha, kakarmu Inno takan jawo tabarmarta kusa da murhu, mu jikoki mu kewaye ta, ana gasa gujiya cikin toka. Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Tana kwaikwayon tsamin bakin Gizo har sai ƙanena ya kwanta ƙasa yana riƙe ciki. Amma akwai guda ɗaya da ba ta buɗe ta da kiran da aka saba. Sai dai ta tura itace cikin wuta, ta ce, "Ku matso. Ke mai kunnen ƙashi, aje gujiyar nan."

Ni ce mai kunnen ƙashin.

Labarin wani ƙauye ne can kudu, bayan kurmi, inda wani gulbi ke zubawa cikin teku. Ta ce mutanensa ba su kai na unguwarmu ba, kuma yawancinsu mata ne da tsofaffi, don mazan suna kan ruwa. Kakanninsu gudun masu kamun bayi ya kawo su, suka zaɓi wurin da doki ba ya shiga. Bukkokinsu na ganyen kwakwa ne, a cushe bisa wani tudun rairayi. Rijiyarsu zartsi gare ta. Sana'arsu kamun kifi da dafa gishiri. Daga gindin tudun kuwa fili ne shimfiɗe, mai laima, mai sanyi, ba gida ba gona, sai can nesa ake hango ruwa yana ƙyalli.

Wata rana da hantsi ayarin fatake na ƙasarmu ya iso da jakuna da kanwa, da mata da yara. Da rani ne. Madugu ya dubi filin nan ya yi dariya. Mu dai mun san halin ruwa: gulbi yakan cika da damina, ya janye da kaka, ya bar fadama a shuka albasa, ba ya komowa sai baɗi. Ya ce, "Ku dubi raggaye! Allah ya ba su fadama, sun hau tudu awa awaki." Suka sauke kaya a nan.

Wata tsohuwa ta gangaro daga ƙauyen tana ihu da harshensu, tana nuna ruwa, tana dukan ƙirjinta. Ba wanda ya ji abin da take faɗi. Suka ɗauka korarsu take yi, ko roƙo. Madugu ya sa aka ba ta goro. Ta jefar, ta kama hannun wata yarinya ta ja, uwar ta fizge abinta.

"To, mi kuka so su yi?" in ji Inno. "Wa ka tsoron ruwa da rani?"

Bayan azahar mata suka kafa wa yara inuwa da zannuwa, suka kwantar da su a kan rairayin mai sanyi, suka hau tudu neman itace. Maza suka kai jakuna kiwo bayan ƙauye. Yarinyar nan da aka ja hannunta ba ta yi barci ba, ta bi uwarta a ɓoye.

A nan Inno takan rage murya. Ta ce ruwan bai zo da ruri ba, babu hadari, babu iska. Ya zo a kwance, kamar an zubar da tulu a tsakar gida. Ya fara cika ramukan da ke bayan yaran, ya raba filin da tudu, sannan ya rufe tsakiya. Masunta suka tura jirage, suka tsamo waɗanda Allah ya nufa da kwana. Kafin gari ya waye ruwan ya sake janyewa, filin ya koma sumul kamar ba a taɓa taka shi ba.

Ƙanena ya taɓa tambaya, "Inno, ba ki ce ƙurunƙus ba." Ta ce, "Tashi ka kwanta, angona, ka cika surutu." Mukan kwanta ina shafa gefen tabarma, in ji ko ta jiƙe.

Sai bayan rasuwarta innata ta gaya mini cewa sunan Inno na yanka Hassana. Sai na tuna yarinyar nan da ta bi uwarta a ɓoye. Ban taɓa jin an ambaci Husaininta ba, ban kuma tambaya ba.

Yanzu ina da biyu, ta fari tana gudu, ƙaramin yana goye. Tun da Nasara suka ci ƙasar hanyar kudu ta buɗe, mai gidanmu kuwa shanu yake kaiwa. Ya ce bana da mu zai tafi, mu zauna can bakin teku inda nama ke daraja. Na ba shi labarin nan, ya ce, "Haba, ke da tatsuniyar tsohi! Sau nawa nit tai nid dawo?" Gaskiyarsa. Amma shi da rana yana kasuwa. Ni za a bari da yara a ƙasar da ban san abin da ke tafiya da abin da ke komowa ba. Da ina ƙarama ruwan nake tsoro. Yanzu na lura matan nan ba sakaci suka yi ba, wuri mafi sanyi suka zaɓa wa 'ya'yansu, kamar yadda ni ma zan zaɓa.

Na yi ta roƙo har ya yarda a bar babbar wurin innata. Na goye dai ba ya sauka daga bayana. Jiya na kai ta da 'yan kayanta a ƙullin zane. Ta ruga wajen 'yan'uwanta, ko waiwaye ba ta yi ba. Na tsaya a zaure ina jira ta neme ni, har aka kira magariba.