Nauyin Yatsun Iya Dotun

Tana murza man kaɗanya a gaɓoɓin yatsunta, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan carbi. Haka Iya Dotun ke buɗe kowace safiya a ɗakin buga takardu da ke bayan kotu a Yaba, kafin ma ta kwance ƙullin burodi da waken da ta sayo a bakin titi. Shagona na ɗaukar hoto bango ɗaya ya raba shi da nasu, shekara goma sha tara ke nan ina jin aikinta kafin in ga fuskarta. Bugunta kamar yayyafi ne a kan kwano, irin wanda bai yi niyyar ɗaukewa ba.

Sunanta na yanka Abeke, amma tun da ta haifi Dotun sunan ya ɓace daga bakin mutane. A kan tafireta ta koyi aiki, wajen wata malama mai yawo da rula, wadda ke sauke ta a bayan hannun duk yarinyar da ta kalli yatsunta. Daga nan ta ɗauko ɗabi'ar da ba ta taɓa bari ba: ido a kan takardar da aka kawo, yatsu takwas kwance a layin tsakiya, ba ta duban abin da ke fitowa sai shafi ya ƙare. Da kwamfuta ta zo, aka haɗo ta da wani tsohon kibod mai nauyi kamar dutsen niƙa, mai tauri da ƙara. Jininsu ya haɗu. Takardun rantsuwa, na canjin suna, na cinikin fili, duk ta hannunta suke bi, lauyoyi kuma kan sa hannu ba tare da sun sake karantawa ba.

Daminar bana rufin ya yi yoyo daidai kan teburinta, tsohon kibod ɗin ya sha ruwa ya mutu. Alhaja Sidikatu, mai ɗakin, ta sayo sabo, siriri, mai laushi kamar soso. Daga ranar aiki ya fara ɓaci. Haruffan da ba wanda ya kira suka riƙa kutsowa cikin kalmomi kamar 'yan gayyar soɗi. Sau uku wani lauya yana dawo da takarda, na ukun ma bai yi faɗa ba, ya dai ajiye ta a hankali. Wannan ya fi yi mata ciwo.

"Iya, ni da ke ba ɓoye-ɓoye," in ji Alhaja ranar Alhamis. "Mu gani zuwa Litinin. In abin bai gyaru ba, ki koma kujerar bakin ƙofa kina karɓar takardu, in nemo mai bugawa."

Da yamma ta leƙo shagona, ta zauna a bencin masu jiran hoto, ta shimfiɗa hannayenta a cinya tana kallonsu kamar na aro.

"Baba Foto, hannu ya tsufa. Dotun ya daɗe yana cewa in dawo Abeokuta in yi renon jikoki. Kujerar bakin ƙofa dai ba zan zauna ba."

Na ce kafin ta yanke wa hannu hukunci, ta bari mu je Ikeja wajen Ekene, mutumin da ba ya sayar da komai sai kibod da kayan cikinsa.

Ranar Asabar da hantsi muka hau benen da shagonsa yake. Ɗakin Ekene ƙunci ne da shi, shi kuma ƙato ne mai sanƙo, tabarau rataye a wuya. Da ya ga ɗaurin ɗankwalinta da leshinta sai ya miƙe.

"Mama, sannu da zuwa! Wa ya ce miki biki ake a nan?"

"Rufe min baki, ɗan garin Aba. Ku da za ku sayar wa kifi ruwa."

Ya yi dariya, ya turo mata wani faifai mai madannai jere, ba harafi a kan ko ɗaya. Ya cire hular guda ya nuna mata abin da ke ƙasa: wani ɗan guntun sanda mai launi, zaune a kan sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke dawo da madanni sama. Ya ce hula ado ce kawai, halin kibod a nan yake. Ya ce ta rufe ido ta bar yatsa ya zaɓa.

Ta danna mai jar sanda, ta yamutsa fuska.

"Wannan ai miyar kuɓewa ce. Yatsa na zamewa har ƙasa, ba mai ce masa tsaya."

"Na masu wasan kwamfuta ne, Mama."

Ta danna mai ruwan ƙasa. Wannan yana da ɗan tudu a tsakiyar hanya, kamar dokin ƙofa.

"Shi kuma kunya gare shi. Sai ya yi kamar zai yi magana, ya fasa."

Sai yatsanta ya faɗa kan mai shuɗi. Ƙas! Ta sake. Ƙas! Fuskarta ta washe.

"Yawwa! Muryar marigayin kibod ɗina ke nan. Ba ni irinsa."

Ekene ya haɗa mata cikakken kibod mai shuɗi. Ta ciro wata tsohuwar takardar rantsuwa daga jaka, ta jingina ta, ta gyara zama. Ɗakin ya cika da ƙara mai daɗi, har maƙwabcinsa ya leƙo. Da ta gama ta ce in karanta mata. Na sunkuya. 'Yan gayyar suna nan, na ƙirga har tara na daina.

Ba sai na faɗa ba, ta karanta a shiruna. Ta ninke takardar, ta mayar jaka.

"To, kibod ya fita daga zargi. Baba Foto, tashi mu tafi."

Ekene bai dube ta ba. Ya sa tabarau yana bin layukan da yatsa.

"Mama, dakata. Sake ɗora hannunki yadda kika saba. Kada ki buga komai."

Ta ɗora don dai kar ta yi masa rowa. Ba ta motsa ko gaɓa ɗaya ba, amma haruffa suka fara tsirowa a fuskar kwamfutar, biyu, huɗu, sannan layi guda.

"Kin gani? Duk kuskuren daga layin tsakiya yake fitowa, inda kike hutar da yatsu. A tafireta kika koya, ko?"

"Tun kana rarrafe."

"Tafireta ko jaki ya kwanta a kanta ba za ta rubuta ba. Tsohon naki ma haka yake, sifirinsa mai ƙarfi ne. Na yanzu an yi su ne don yatsun da ke shawagi a sama. Ke kuwa kwantar da naki kike yi, da duk nauyinsu. Ba tsufa ba ne, Mama, horo ne."

"Ni ce jakin?"

"Misali ne, Mama."

"Misalin ya bi ka gida."

Amma ta koma ta zauna.

Ya janyo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur. Cike yake da madannai masu farar sanda, waɗanda ya ce samari na dawo masa da su wai suna gajiyar da hannu. Da wani ɗan ƙarfe mai kama da hantsaki ya riƙa zare shuɗayen yana dasa fararen. Ta rufe ido, ta kwantar da yatsu. Ba abin da ya tsiro. Ta danna ɗaya. Sai da ya ɗan ja da ita, sannan ya ba da kai.

"Wannan ya san kansa," ta ce a hankali. "Sai ka nufe shi da gaske yake amsawa. Amma ba shi da murya."

"Kunnenki kike so ya ji daɗi, ko lauya?"

Ta buga layi uku, ta tsaya, ta ɗaga ƙaramin yatsan hagu, wanda sanyin ƙashi ya ɗan karkatar.

"Wannan ba zai iya da su ba. Na gefen nan sa masa masu dama-dama."

"Kibod ɗaya, sifirin iri biyu?"

"Yatsun naka tsayinsu ɗaya ne?"

Sai da rana ta take tsaka suna yi, shi yana zarewa yana dasawa, ita tana gwadawa tana kushewa. Sannan ta sake jingina takardar, ta buga ta daga sama har ƙasa. Sautin ya sauka, ya zama kamar dakan da ake jiyowa daga gida na uku. Na karanta sau biyu, ina bi da yatsa. Ban sami ko ɗaya ba.

Ba ta yi murmushi ba. Ta janyo jaridar da ke kan teburin Ekene, ta ce waccan takardar ta haddace ta, a gwada da abin da ba ta sani ba. Ta buga rabin shafi na labarin ƙwallo. Wannan karon Ekene ne ya karanta, ya cire tabarau, ya ɗan rusuna mata ba tare da wasa ba.

Ya miƙo leda, ta ture. Ta zare mayafin kafaɗarta ta naɗe kibod ɗin a ciki, ta rungume shi a ƙirji.

"Baba Foto, in mun isa ka gaya wa Alhaja a buɗe min ɗaki ƙarfe bakwai ranar Litinin. Kujerar bakin ƙofa kuma ta nemi mai ita."

Ta raɓa ta gefen Ekene, ta sunkuyar da ɗankwalinta saboda gajartar ƙofar, ta fita.