Metir Fadila da Gambar Gonar Nomau

Duk ranar da ake zaman shari'a a garin Agiye, Metir Fadila (Metir laƙabin lauya ne a nan) tana cikin motar farko daga Maraɗi, baƙar rigarta ta lauya a naɗe cikin jaka, takalmin roba a ƙarƙashin rigar. Abokan aikinta sun daɗe suna yi wa takalmin nan dariya. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, in shari'a ta cije mata, ba ta zama a buro tana juya takardu. Sai ta sa takalmin ta tafi wurin da rigimar take.

Masu cewa lauya na mai kuɗi ne, su je su tambayi Nomau, wani manomi a ƙauyen da ke gabas da Gazawa. Alhaji Jaye, ɗan kasuwa, ya sayi gonar maƙwabcinsa, ya sa aka ƙone gambar da ke kan iyaka da rani, ya haɗiye rabin gonar Nomau. Takarda babu. Dattawan da suka san iyakar duk suka ce ido ya yi rauni. Ɗan Nomau, Abdulmumini, ya rantse in gonar ta tafi, shi ma ya kama hanyar Aljeriya. Wanda ya haifa ya san abin da wannan magana take yi wa cikin uba.

Metir ta je gonar, ta tambayi wanda ya dasa gambar, aka ce mahaifin Nomau ne. Ta tona ƙasa da ɗan yatsa, ta mayar. A gaban alƙali sai ta roƙi a ɗage shari'ar har ruwa ya sauka, a kuma hana kowa sa hauya a wurin. Alhaji ya yarda da murna. Gari ya ɗauka an saye ta. Nomau ya bi ta tasha, ya faɗa mata abin da mutane ke cewa.

Ta ce, "Baba, bar su su faɗa. Kai dai riƙe mini yaron nan har damina."

Da ruwa ya zauna, ta kawo alƙali gonar da ƙafarsa. Saiwar gambar, wadda wuta ba ta kai gare ta ba, ta tsiro, kore shar, layi guda tun daga gindin gawo har bakin hanya. Lauyan Alhaji ya ce ciyawa ba ta rantsuwa.

Ta ce, "Gaskiya ne. Amma ba ta tsoron Alhaji." Alƙali ya mayar wa Nomau da gonarsa.

Metir, ke ce kika haɗiye zagin gari wata da watanni ba ki buɗe baki ba, don kin san in dabarar ta fita, cikin yini guda za a tone saiwar. Ke ce lauyar da ba ta ƙyamar ƙasa. Mu iyaye mun gode, Allah ya ƙara lafiya.

Ku kuma samarin lauyoyi, in aiki ya tsaya muku, ku fito ku taka gonar talaka. Wanda har yanzu yake cewa an saye ta, ya je gonar Nomau da hantsi. Zai tarar da Abdulmumini a duƙe yana noman gero.